Kwalbar Nan Ta Wace Ce?

Ƴan uwa, ga tambaya. A ce mata biyu sun tafi awon ciki a Damana. An ba kowace kwalba, an ce ta kawo fitsari. Ɗaya ta kasa, ga rana ta yi, ga gida da nisa. Sai abokiyar tafiyarta ta zuba mata nata. Taimako ta yi mata ko cuta?

Wani zai ce zumunci ne. To, mu duba. Ungozomar likita tana auna fitsari don ta gano ciwon suga, da wata alama da ke zuwa tare da hawan jini. Idan ba a gano alamar nan da wuri ba, tana iya kai mace ga jijjiga, a rasa uwa ko ɗa. Fitsarin aro zai nuna lafiya lau, mai ciwo ta koma gida da ciwonta. Ashe cuta ce, ko da niyyar ta alheri ce. Zanen aro ba ya rufe katara.

Haka jini yake. Ana auna shi don zazzaɓin sauro da ƙarancin jini. Daga Damana har Filinge, Hadiza da Fati ba su ƙirguwa. In suna bai cika ba, sai a ba wannan maganin waccan. Kunya ado ce, amma kada ta hana mace faɗin cikakken sunanta da garinsu.

Manyan likitoci ma ba su yarda da zato. Idan sun ɗebi ruwan da jariri yake kwance ciki, sukan tabbatar shi ne, ba fitsarin uwa ba. Ke ma, in ruwa ya zubo miki kafin lokaci, kada ki ce fitsari ne. Je ki a duba.

A shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta ce awon ciki kyauta ne. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara mai ciki ta je awo sau 8. Amma yawan awo ba ya amfani in kwalbar ta wata ce.

Amana ce a kan kowa. Mai rubutu ya rubuta suna a gaban mai shi. Ke da kika koyi karatu, karanta sunanki a jikin kwalba da takardar awo kafin ki tashi. Ki karanta wa maƙwabciyarki nata. Maigida, in an kawo takardar gida, kai ma duba.