Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Nasiha Kan Wasa Ƙwaƙwalwa Da Tattalin Lokaci

 

 Akwai maganar da ta zama ruwan dare a bakinmu, wato "wallahi ba ni da lokaci." Ɗan kasuwa yana faɗin ta, ɗalibi yana faɗin ta, uwargida tana faɗin ta, har wanda ya wuni a majalisa tun hantsi shi ma ita yake faɗi. Alhali kuwa Allah bai tauye wa kowa rabonsa ba. Awa 24 ce a yini da dare, minti 1,440, sarki da talaka, malami da almajiri, kowa daidai wa daida. Abin da ke cinye mana wannan rabo, a mafi yawan lokuta, shi ne rashin sanin abin da za a fara da shi da abin da za a jinkirta. Wannan darasi kuwa yana nan a fili cikin tambayoyin wasa ƙwaƙwalwa da muka mayar abin yara, muka daina kula su.

Mu ɗauki wadda kusan kowa ya taɓa ji. Wani mutum ya iso bakin kogi da kura da akuya da damin harawa. Kwale-kwalen da ya samu ƙarami ne, ba ya ɗaukar komai sai shi da abu ɗaya. In ya bar kura da akuya su kaɗai, kura za ta cinye akuya. In ya bar akuya da harawa, akuya za ta cinye harawa. Yaya zai yi ya haye da kayansa lafiya? Tambayar nan tsohuwa ce ƙwarai. Tana cikin wani tarin tambayoyin lissafi da ake dangantawa ga Alkuwin, malamin nan ɗan birnin York na Ingila wanda ya rasu a shekarar 804, sai dai a can kyarkeci ne da akuya da kabeji. Ƙasashe da dama suna da irin tasu, kowa da dabbobin garinsu.

Ga yadda ake fita. Ya fara hayewa da akuya, domin kura ba ta cin harawa. Ya dawo shi kaɗai, ya ɗauki kura ya kai. A nan ne mutane da yawa ke cijewa, domin dole ya dawo da akuyar da ya riga ya ƙetarar. Ya ajiye ta, ya ɗauki harawa ya kai wa kura, ya dawo shi kaɗai, sannan ya ɗauko akuya. Hawa bakwai ke nan, babu abin da ya salwanta.

Ku lura da abin da mutumin nan bai yi ba. Bai zauna yana zagin mai kwale-kwale don ya sassaƙa shi ƙarami ba. Bai ɓata lokaci yana fatan kura ta canza hali ba. Ya karɓi sharuɗɗan yadda suke, ya nemi wanda ya fi kowa hatsari a cikin kayansa, ya fara da shi. Akuya ce ke da matsala ta fuska biyu, ana cin ta kuma tana ci, don haka ita ce a gaba. Haka kowace safiya take zuwar mana da kayan da ba za su ɗauku lokaci guda ba. A ciki akwai wanda in an bar shi zai jira, akwai wanda in an bar shi zai yi ɓarna. Zazzaɓin yaro ba ya jira. Noman firi ba ya jira, domin in ciyawa ta riga ka, sai ka yi aikin kwana uku a inda kwana ɗaya ya isa. Amma hirar siyasa a teburin mai shayi tana nan, ko gobe ka zo za ka same ta. Mu kuwa sau da yawa sai mu fara da mai daɗi, mu bar mai hatsari har ya ci mana dukiya.

Sai kuma dawo da akuyar nan. Wanda ya kalle shi daga nesa zai ce ya koma baya, alhali wannan komawar ce ta buɗe masa hanya. Matashin da ya gane bai iya tushen lissafi ba, ya ajiye girman kai ya koma littafin ƙaramin aji, ya fi wanda ya yi ta maimaita jarrabawa shekara bayan shekara yana faɗuwa a wuri guda. Mai gini da ya ga harsashi ya karkace ya rushe layi biyu ya gyara, ya fi wanda ya ɗora har rufi don kada a ce ya yi asarar bulo. Sannu ba ta hana zuwa.

Tambaya ta biyu ita ce ta fi shafar lokaci kai tsaye. Mutum huɗu za su haye wata tsohuwar gada da dare. Gadar ba ta ɗaukar fiye da mutum biyu, tocila kuma ɗaya ce, ba a hayewa sai da ita, kuma batirinta minti 17 kacal zai yi. Saurayi yana hayewa cikin minti 1, ƙanensa cikin minti 2, mahaifinsu cikin minti 5, kakansu cikin minti 10. In biyu suka tafi tare, da tafiyar mai nawa za a lissafa. Abin da zai fara zuwa wa kowa a rai shi ne a ba saurayin tocila ya yi ta raka su ɗaya bayan ɗaya, tun da ya fi kowa sauri. A lissafa: 10 da 1 da 5 da 1 da 2, minti 19 ke nan. Tocila ta mutu kafin a gama hayewa.

Dabarar ita ce samarin biyu su fara hayewa, minti 2. Babban ya dawo da tocila, minti 1. Ya miƙa wa mahaifi da kaka su tafi tare, minti 10. Ƙanen da ke can ƙetare ya dawo da ita, minti 2. Samarin su haye tare, minti 2. Jimla 17.

Minti biyun nan daga ina suka fito? Babu wanda ya ƙara sauri, kaka bai yi gudu ba. An haɗa masu nawa biyu a tafiya guda, sai minti biyar na mahaifi suka shige cikin goma na kaka, kuma an raba ɗawainiyar tocila tsakanin mutum biyu. Iyayenmu mata sun san rabin wannan tun tuni. Mace mai dabara takan ɗora wake a wuta tukuna, sannan ta yi shara da wanke-wanke yana dahuwa, domin wake ba ya jin lallashi. Wanda zai shiga birni daga ƙauye ya tara buƙatunsa na banki da asibiti da kasuwa ya yi su rana guda, ya tsira da kuɗin mota da kwana biyu na aikinsa. Ɗaya rabin shi ne wanda muke yawan takewa. A gida sai a ɗora komai a kan yarinya guda don ita ce mai zafin nama, har karatunta ya lalace, ƙannenta maza suna zaune. A ƙungiyar unguwa ko kwamitin masallaci sai a bar wa mutum ɗaya rubutu da karɓar kuɗi da zirga-zirga don shi ne mai himma, ran da ya kwanta ciwo komai ya tsaya. Jama'a, mu raba aiki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kada wani ya ɗauka wannan fanni baƙo ne a ƙasarmu. Muna da Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashnawi, mutumin Katsina, masanin lissafi da taurari, wanda ya tafi aikin Hajji, ya rubuta littafi da Larabci a shekarar 1732 kan hanyoyin tsara hatimin lambobi, ya rasu a Alƙahira a 1741. Har yau masu nazarin tarihin lissafi a duniya suna ambaton sunansa. Mafi sauƙin irin wannan hatimi shi ne mai gida tara, uku sau uku. Za a zuba lambobi daga 1 zuwa 9, kowace sau ɗaya, ta yadda kowane layi, a kwance ko a tsaye ko a karkace, zai ba da jimla iri ɗaya. Mai gaggawa zai yi ta zubawa yana gogewa har takarda ta huje. Mai natsuwa zai fara da tambaya: jimlar lambobin duka nawa ce? 45. A raba ta layi uku, kowane layi 15. Wace lamba ce za ta zauna a tsakiya, inda layi huɗu suka ratsa? Babu wadda za ta iya sai 5. Da zarar ta zauna, sauran sai su bi: 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa. In kuwa aka sa wata lamba a tsakiya, ko shekara za a yi ana juya sauran ba za a dace ba.

Kowa ya tambayi kansa abin da ya sa a tsakiyar yininsa. Mu Musulmi an riga an kafa mana turaku biyar, daga Asuba zuwa Isha'i, kowace salla da lokacinta da ba a gabatarwa ba a jinkirtawa sai da uzuri. A cikin Alƙur'ani akwai sura sukutum, Suratul Asri, da Allah ya buɗe ta da rantsuwa da zamani. Wanda ya tsayar da ibadarsa da sana'arsa da haƙƙin iyalinsa a tsakiya, ya jera sauran a gefe, zai ga yini ya ishe shi. Wanda ya sa waya a tsakiya kuwa, ga lissafinsa: awa biyu kullum a kan kallon bidiyo da gardama a Facebook ko TikTok, a shekara awa 730 ce, wato fiye da kwana 30 cur, dare da rana. Wata guda ke nan daga cikin goma sha biyu. Da wannan wata ɗaya mutum zai iya koyon ɗinki, ko gyaran waya, ko haddace izu mai yawa.

Akwai kuma ɓarnar da muke yi wa junanmu, wadda ta fi ciwo domin haƙƙin wani ce. A rubuta ƙarfe 10 na safe a katin gayyata, ba za a fara taro ba sai 12, ana jiran babban baƙo. In mutum 100 ne suka zo a kan lokaci, an ƙone awa 200 ta bayin Allah, daidai da aikin kwana 25 na mai yin awa takwas a rana. A cikinsu akwai tela da ya rufe shago, akwai mai jego da ta baro jariri, akwai ɗan acaɓa da ya ajiye babur. Wa zai biya su? Mafi muni, mun koya wa masu cika alkawari cewa zuwa da wuri wauta ce, har su ma sun fara makara. Kada kuma mu ce halinmu ne, ba za mu iya ba. A watan azumi kowa ya san mintin da za a sha ruwa, babu mai ƙara minti biyar. Ranar Idi ana cika fili kafin liman ya iso. Maniyyaci ba ya wasa da lokacin tashin jirgi. Ashe mun iya, in mun ɗauki abu da muhimmanci.

Don haka ina kira ga iyaye: ku dawo da wasa ƙwaƙwalwa cikin gida. Bayan sallar Isha'i a kashe talabijin na rabin awa, a jefa wa yara tambayar kura da akuya, ko kacici-kacici, ko hatimin gida tara. Kada ku yi saurin faɗa musu amsa, ku bar su su sha wuya kaɗan, domin yaron da ya saba zama da matsala har ya warware ta ba zai firgita a ɗakin jarrabawa ba. Ku koya musu dara, wadda kakanninmu ke haƙa gurabunta a ƙasa, inda ba a ɗaga ɗa sai an hango abin da abokin wasa zai mayar. Malaman boko da na Islamiyya, ku riƙa tambayar ɗalibi yadda aka yi ya kai ga amsa, kada ku tsaya ga amsar kaɗai.

Matasa, ku yi hattara da abu biyu. Wasan da aka sa kuɗi a kai ya zama caca, ko a gindin bishiya ko a cikin waya, kuma caca ba ta kaifafa hankali, cinye shi take yi tare da aljihu. Sannan ko wasa mai amfani ne, in ya hana salla ko aiki, ya zama irin ɓarnar da muke gudu. A yanka masa lokaci, in ya cika a tashi. Kafin ku kwanta, ku rubuta abu uku da za ku yi gobe, ku sa mafi nauyi a farko, ku yi shi da sassafe, domin da sanyin safiya ake kama fara. Mai jarrabawar WAEC ko JAMB ya raba littattafansa bisa watannin da suka rage tun yau. Manomi ya tanadi iri da taki tun rani. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Shugabanni, sarakuna, malamai da masu hannu da shuni, gyaran taro a hannunku yake. In babba ya iso ƙarfe goma daidai sau biyu ko uku, gari duka zai gyara agogonsa. Masu shirya taro kuma ku fara a kan lokaci da waɗanda suka zo, ko mutum goma ne, ku kuma faɗi lokacin tashi ku cika shi.

Kowannenmu za a tambaye shi yadda ya ƙarar da rayuwarsa, kuma babu wanda ya san adadin abin da ya rage masa. Mu fara gyara daga alkawarin da ke gabanmu na gobe: in mun ce ƙarfe takwas, a gan mu ƙarfe takwas. Allah ya sanya albarka a cikin lokutanmu, ya ba mu basirar gane abin da ya kamata mu gabatar, ya shirya mana zuriya, ya sa mu cika da imani. Amin.