Itacen Al'udu Da Amanar Da Ke Wuyan Mai Saye

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, a wannan mako za mu yi magana ne a kan wani itace wanda galibinmu ba mu taɓa ganinsa a tsaye ba, amma kuwa da wuya a sami alhajin da bai shaƙi hayaƙinsa ba. Watau itacen al'udu, wanda tsofaffinmu su ke ce wa al'ul, Larabawan farko kuwa suna kiransa aluwwa. Da shi a ke turara Ka'aba, shi ne kuma guntayen nan baƙaƙe da a ke aunawa kaɗan-kaɗan kamar zinariya a kantunan turare na Makka da Madina da Jidda.

Darajarsa a addini ba a ɓoye ta ke ba. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar ya kan yi turare da aluwwa zalla, wani lokaci ya haɗa da kafur, yana mai bayyana cewa haka Manzon Allah (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) ya ke yi. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito daga Abu Huraira, cikin siffar ƙungiyar farko da za ta shiga Aljanna, cewa aluwwa ce turarensu. Saboda haka kada wani ya zaci za mu aibata abin da Sunna ta yaba. Abin tambaya shi ne, daga ina wannan itace ya ke zuwa, kuma wane hali ya ke ciki yau?

Ƙasar Larabawa ba ta tsirar da shi. Allah ya ajiye shi ne a kurmin kudanci da kudu maso gabashin Asiya, inda ruwan sama ya ke da yawa ƙwarai: daga jihar Asam ta Indiya da Bangaladash, zuwa Bama da Tailan da Malesiya, da tsibiran Sumatara da Borniyo. Mutanen Malesiya da Indunisiya suna ce masa gaharu, masana tsirrai kuwa sun raɗa wa mafi shaharar jinsinsa suna Aquilaria malaccensis, da sunan birnin Malaka. Ibnu Batuta, matafiyin nan na Maroko, ya ratsa wannan yanki a ƙarni na 14, ya kuma siffanta itacen cikin labarin tafiyarsa. Ashe ke nan cinikin tsoho ne.

To, ga abin al'ajabi cikin hikimar Ubangiji. Itacen ya kan kai tsawon mita 40, amma in yana da lafiya cikinsa fari ne fat, ga taushi, ba shi da ƙanshi ko kaɗan. Sai in ya ji rauni, ko ƙwaro ya huda shi, ko iska ta karya masa reshe, funfuna ta shiga ta wurin raunin, sa'an nan ya ke fitar da wani irin ƙaro mai maiƙo domin ya tsare kansa. Wannan ƙaro shi ke jiƙa itacen a hankali, shekara da shekaru, har wurin ya yi baƙi ya yi nauyi, mafi kyawunsa ma in an jefa shi a ruwa sai ya nutse. Wannan shi ne al'udu. Mai wa'azi zai iya tsayawa a nan ya yi dogon bayani a kan mumini da jarrabawa, amma mu bar wannan sai wani jiƙon.

Inda matsalar ta ke shi ne, cikin itatuwa goma na daji da ƙyar a ke samun ɗaya mai ɗauke da ƙaron, kuma ba kullum a ke ganewa daga waje ba. Mazauna kurmin na asali suna da sanin alamu, su kan yanke wurin da ya yi baƙi su bar itacen da ransa. Amma sa'ad da kuɗin man fetur ya yawaita a ƙasashen Larabawa tun daga shekarun 1970, farashi ya hau, har mafi kyawun al'udu ya kan zarce zinariya tsada, sai baƙin masara suka dinga kutsawa daji, suna kayar da duk wanda suka tarar, su tsaga su duba. In ba a sami kome ba a bar shi nan ya ruɓe, a nufi na gaba. Ga shi kuwa ƙwayar irinsa ba ta jimre ajiya, cikin ɗan lokaci ta ke mutuwa, in an sare iyayen babu mai maye gurbinsu. Bugu da ƙari, kurmin kansa ana ta share shi domin katako da gonakin kwakwar manja.

A shekarar 1995 aka sa wannan itace cikin jerin yarjejeniyar CITES, wadda ta ke tsara cinikin halittun da a ke tsoron ƙarewarsu, watau ba a fitar da shi daga wata ƙasa zuwa wata sai da takardar izini. A 2005 aka haɗa da sauran danginsa duka. Duk da haka, a 2018 ƙungiyar IUCN mai lura da halin da halittu su ke ciki ta ɗaga shi zuwa matakin waɗanda su ke dab da ƙarewa a daji, bisa ƙiyasin cewa fiye da kashi 80 cikin 100 sun tafi.

Yanzu fa, ina hukuncin mai saye? Wani zai ce, ni da kuɗina na saya, ban riƙe gatari ba, ban san hanyar Borniyo ba. Lalle gaskiya ne bai riƙe gatari ba. Amma masari bai shiga daji ya yi makonni cikin sauro da macizai don sha'awa ba, kuɗin mai saye ne ya aike shi. Allah Maɗaukakin Sarki ya hana mu taimakon juna a kan zunubi da ƙetare haddi a aya ta 2 ta Suratul Ma'ida, ya hana ɓarna a bayan ƙasa a aya ta 56 ta Suratul A'arafi. A aya ta 31 ta wannan sura kuma, wuri ɗaya ya umurce mu da yin ado domin masallaci, ya kuma hana mu almubazzaranci. Dubi yadda aka gwama su! Kayar da itace tara a banza domin a sami na goma, in wannan bai zama almubazzaranci ba, to, mene ne sunansa?

Sa turare mustahabbi ne, ba da al'udu kaɗai a ke cika shi ba. Almiski ma Annabi ya yabe shi, mai kaskon turaren wuta na gida ranar Juma'a shi ma ya sami ladansa. Shafe wata halitta daga doron ƙasa kuwa ɓarna ce wadda ba ta gyaruwa, malaman usulu kuma sun ƙa'idance cewa tunkuɗe ɓarna shi ke gaba da jawo amfani. Imamu Malik ya kawo cikin Muwaɗɗa wasiyyar Sayyidina Abubakar ga Yazidu ɗan Abu Sufyan sa'ad da ya tura shi Sham, inda ya hana shi sare itace mai 'ya'ya, alhali kuwa yaƙi za a tafi. In an kame hannun mayaƙi, ina ga ɗan kasuwa?

Har wa yau, kada a ce dokar takardar izini ta Nasara ce, ba ta hau kanmu ba. Annabi ya keɓe makiyayar Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza, abin da fiƙihu ya ke kira hima. Shugaba yana da ikon taƙaita halal domin maslahar jama'a, kuma Nijeriya da Nijar da Sa'udiyya da Malesiya da Indunisiya duk suna cikin wannan yarjejeniya. Malaman can ma ba su yi shiru ba, gama Majalisar Malaman Indunisiya ta ba da fatawa a 2014 a kan tsare dabbobin da su ke ƙarewa, a 2016 kuma ta haramta ƙona daji da gangan.

Alhamdu lillahi, akwai mafita. Manoma a Asam da Silhet ta Bangaladash da Tailan da Biyetnam suna shuka itacen a gona, in ya girma su yi masa rauni da kansu, waɗansu da ƙusoshi, waɗansu da allurar funfuna, bayan 'yan shekaru su girba su sake shukawa. Masu hanci sun ce ƙanshinsa bai kai na daji zurfi ba. Ko da haka ne, bambancin na alfahari ne, ba ya ƙara wa salla kome. Wanda ya shuka kuwa ya shiga cikin hadisin Anas da Buhari da Muslim suka ruwaito, mai nuna cewa Musulmi yana samun ladan sadaka daga abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci cikin shukarsa.

Saboda haka alhaji mai neman tsaraba, da fatake masu sarin turare zuwa Kano da Maiduguri, su riƙa tambaya: na gona ne ko na daji? In mai kanti ya bugi ƙirji ya ce na daji ne tsoho, mai sari ya nemi ganin takardarsa, in babu a bar masa kayansa. A sani kuma jabu ya yi yawa, a kan rina farin itace a jiƙa shi da mai a sayar da sunan na daji, sai mutum ya yi hasarar kuɗinsa a kan algus. Amma wanda ya riga ya saya tun bai sani ba, babu laifi a kansa, kada kuma ya zubar, gama tozarta dukiya shi ma an hana. Ya turara abinsa kaɗan-kaɗan, guntu ɗaya kamar ƙwayar gyaɗa ya isa ɗaki. Allah shi ne Masani.