Maƙala Kan Tokare Dogon Tumatir a Lambun Gida

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga wanda Ya tsaga ƙwaya Ya fitar da tsiro, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, ka sani, ya kai ɗan'uwa, Allah Ya ambaci shuke-shuken da ake ɗagawa kan rumfa da waɗanda ba a ɗagawa a aya ta 141 cikin Suratul An'am, kuma a ayar nan ɗin Ya hana ɓarna. Dogon tumatir yana cikin kashin farko. Asalinsa Kudancin Amurka ne, Sifaniyawa suka kai shi Turai a ƙarni na 16, amma har yau bai iya hawa da kansa ba. Soso da duma suna da zaren da suke kama danga da shi. Tumatir ba shi da ko ɗaya, sai mai shi ya ɗaure shi.

Kada manoman rani na Kadawa su ruɗe ka. Galibi gajeren iri suke shukawa, irin su UC82B, a lokacin da babu ruwan sama. Dogon iri kuwa yakan haura mita 2, in aka bar shi kwance da damina, 'ya'yan su ruɓe a laka, feshin ƙasa ya kai wa ganye cuta. Wanda ya shuka ya bari haka ta faru, ya ce ƙaddara ce, a ganina bai yi wa ƙaddara adalci ba.

Ka kafa sanda ranar dashe, domin in ka jinkirta za ka tsinka saiwa. Gora ta fi; karan dawa araha ne, amma gara ba ta raga masa. Ka nitsa sandar kamar kamu ɗaya a ƙasa, yatsu huɗu daga gindin shukar.

Wurin ɗauri ne ake gane mai hankali. Yagaggen tsohon zane ya isa, ban da waya. Ka ɗaure tamau a jikin sanda, ka gitta tsumman kamar lamba 8, sannan ka sassauta a jikin tumatir har yatsanka ya shige, gama karan zai yi kauri, ɗaurin da ya matse kuwa shaƙe shi zai yi. Duk lokacin da tumatirin ya ƙara taƙi ɗaya, ka ƙara ɗauri. Ƙananan rassan da ke tohowa tsakanin ganye da kara, ka tsinke su da farce tun suna ƙanana, da hantsi bayan raɓa ta bushe, domin ciwon ya kame kafin dare.