In hatsin taimako ya ƙare, me ya rage?

Yau tambaya muka kawo maka. In ka gama karantawa, ka kai ta ajin yaƙi da jahilci, ku tattauna.

Ga tambayar. Mutum yana jin yunwa, kai kuma kana da hatsi. Ya dace ka ce masa ba ka ba shi sai ya yi abin da kake so?

Wannan ba tatsuniya ba ce. An yi haka a jihar Maraɗi.

A lokacin akwai wani mutumin ƙasar Ostireliya, Toni Rinaudo, yana aiki da mishan ta SIM a Maraɗi. Ya daɗe yana dashen itatuwa, yawancinsu suna mutuwa. A shekarar 1983 ya lura da ƴan tsirran nan da muke sassabewa kowace bazara. Ashe tohon kututture ne, saiwarsu tana nan da rai cikin ƙasa. In manomi ya zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi ya bari, ya datse sauran, sai su zama icce. Shi ne ake kira sassaben zamani. Ya yi ta bayani, amma masu yarda kaɗan ne.

A shekarar 1984 damana ba ta yi ba. Rumbuna suka zama wayam. Aka kawo cimaka, aka kuma sa sharaɗi: mai son hatsi ya bar itatuwa cikin gonarsa. An yi wannan a ƙauyuka wajen 100, aka bar itatuwa kimanin dubu 500. Da yunwa ta wuce, rabon hatsi ya tsaya, sai mutane suka sare kashi 2 cikin 3 na itatuwan.

To, wa ke da laifi?

Wani zai ce manoma ne, sun ci amana. Amma ka duba da kyau. Mai yunwa ba ya gardama. Duk abin da ka ce masa, "to" zai ce, don yaransa suna kuka. Wannan "to" ɗin daga ciki ta fito, ba daga zuciya ba. Kuma manoman suna da dalilansu. Suna tsoron inuwa ta hana hatsi yi, suna tsoron tsuntsaye. Maƙwabta suna yi wa mai itatuwa dariya, wai gonarsa ƙazama ce. Abu mafi nauyi, a wancan zamani ana ɗaukar icce na gwamnati ne, wanda ya sare ba da izini ba ma'aikatan gandun daji suna iya cin sa tara. Wa zai yi renon abin da ba nasa ba?

Wani kuma zai ce masu taimako ne ke da laifi, don ba a ciniki da yunwar mutum. Wannan magana tana da nauyi. Tsoho da maras lafiya da mace mai goyo da ba su iya aiki, a ba su abinci ba tare da wani sharaɗi ba. Rai ya fi icce. Amma ka tuna da kashi ɗayan da ya rage. Ba don sharaɗin ba, da mutane da yawa ba su ko gwada ba.

Waɗanda suka bar itatuwansu sun ga abin da baki bai iya gaya musu ba. Iskar farkon damana ta rage binne shuka da rairayi. Mata suka sami iccen girki kusa da gida, har da na sayarwa. Gawo yana zubar da ganye da damana, ba ya hana hatsi rana, ganyensa taki ne, ƴaƴansa abincin dabbobi ne da rani. Maƙwabci ya gani, shi ma ya bar kalgo da sabara cikin tasa gonar, ba wanda ya ba shi ko tiya ɗaya. Bayan shekaru 20 da ƴan kai, masu bincike sun ƙiyasta cewa aikin ya kai hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200, yawanci a jihohin Maraɗi da Damagaram. A shekarar 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da doka da ta amince da haƙƙin manomi a kan iccen da ya rena cikin gonarsa.

Ga abin da muka gani. Hatsi yana iya sa mutum ya gwada, amma ba ya sayen yardarsa. Aikin da aka yi don hatsi kawai, tare da hatsin yake ƙarewa. Aikin da manomi ya ga amfaninsa da idonsa, ya kuma san nasa ne, shi ke zama. Saboda haka ba a auna taimako ranar rabo. Ana auna shi bayan motar masu taimako ta tafi. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Kai ma da ake taimako kana da naka nauyi. In baƙi suka zo garinku da wani aiki, kada ka ce "to" alhali zuciyarka ta ce "a'a". Ka tambaye su: in kun tafi, abin nan na wa ne? Wa zai gyara shi in ya lalace? In kana da tsoro, ka faɗa a gaban jama'a. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In kuwa ka yarda, ka cika alkawari, ko da a gefe ɗaya ne na gonarka, har ka ga ƙarshen gwajin.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya raba mu da yunwa. Amin.