Mai Zaure Da Mai Gari: Wa Ke Da Ikon Hana Magana?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata gardama ce da ta sarƙe tsakanin abokaina biyu a teburin mai shayin da ke bayan ɗakunan kwananmu, har shayin ya huce ba wanda ya kula. Ɗaya yana karatun lauya, ɗaya kuwa kimiyyar siyasa. Ni da nake sashen Hausa aka mai da ni alƙali, kuma kamar yadda mai karatu zai gani, shari'ar ta fi ƙarfina.

Tushen gardamar tsohon zance ne wanda yawancinmu muka shaida. A farkon watan Yuni na 2021 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya rubuta wani gargaɗi a Twitter game da masu ƙone-ƙonen ofisoshin gwamnati a kudu maso gabas, ya kuma tuna musu da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Ran 2 ga wata kamfanin ya goge rubutun, ya ce ya saɓa wa ƙa'idarsa. Ran 4 ga wata Ministan Watsa Labarai, Lai Mohammed, ya ba da sanarwar an dakatar da Twitter a Nijeriya baki ɗaya. Ba a buɗe ba sai 13 ga Janairu, 2022, bayan wata bakwai. A tsakanin nan duk mai son shiga sai ya bi ta wata ɓarauniyar hanya da ake kira VPN, ga kuma barazanar za a gurfanar da wanda aka kama. A watan Yuli na 2022 Kotun ECOWAS ta yanke hukunci cewa rufewar ta saɓa wa doka.

Mai kimiyyar siyasa ya ce shi bai ga bambanci ba. Kamfani ya toshe bakin shugaba, shugaba ya toshe bakin kamfani, kowa ya yi abin da ƙarfinsa ya kai, saboda haka kada wani ya zo yana yi masa kukan 'yancin magana. Mai karatun lauya ya ce sam. Ya ce Twitter zauren wani ne, kuma mai zaure yana da ikon cewa wane tashi ka bar mini gida, ko da wanen nan sarki ne. Ya kawo mana gyaran farko da aka yi wa tsarin mulkin Amurka a 1791, ya ce gwamnati kaɗai ya ɗaure wa hannu, bai ce komai game da ɗan kasuwa da dukiyarsa ba. Ya ce mu ma sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin ra'ayinsa, amma bai tilasta wa wani ya ara maka lasifikarsa ba.

Da fari na fi karkata ga lauya, kuma har yanzu ina ganin rabin gaskiya na wajensa. Dalilina shi ne abin da ke biyo bayan korar. In mai zaure ya kore ka, takalminka za ka ɗauka ka nemi wani zauren, iyakar abin da ka rasa tabarma da abokan hira. Mai gari kuwa yana da dogari, yana da gidan yari. Malamanmu da suka manyanta suna tune da Dokar Soja ta 4 ta 1984, wadda a ƙarƙashinta aka ɗaure 'yan jaridar Guardian biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, shekara ɗaya ɗaya, a kan labarin naɗin jakadu. Kafin su kuma iyayenmu sun ga yadda Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri a zamanin En'e saboda bakinta. Kamfani irin Twitter ba ya iya yi wa wani haka, don ba shi da mabuɗin kurkuku. Sa'an nan a dubi girman abin. Kamfanin rubutu ɗaya ya goge na mutum ɗaya, wanda yake da rediyo da talabijin da masu magana da yawunsa. Gwamnati kuwa ta rufe ƙofa ga miliyoyin mutane, har da tela mai tallar ɗinkinsa da yarinya mai sayar da turaren wuta, waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Wanda ya ce waɗannan biyun ɗaya ne, to, bai auna da mudu ɗaya ba.

Amma da na kwana da zancen sai na ga misalin zauren nan yana yoyo. Mu da muka tashi a cikin gari mun san zaure. Mai gida yana da iko da shi, gaskiya ne, sai dai ikon nan a ɗaure yake da igiyoyi da yawa waɗanda ba a rubuta su ba. Yana jin kunyar maƙwabta. Gobe zai haɗu da wanda ya kora a masallaci ko a wajen jana'iza. In ya yi zalunci akwai mai unguwa, akwai dattawa. Daɗin daɗawa, zaurensa ɗaya ne cikin ɗari a unguwar. To, yaya ke nan in zaure guda ya yi girma har ya haɗiye kasuwa da dandali da bakin masallaci, ya zama duk mai son a ji shi sai ya shiga nan? Yaya kuma in mai zauren yana can Amurka, bai san sunan garinku ba, ba ya jin Hausa, ba wanda zai kai ƙararsa gare shi? Wannan kam ya tashi daga mai zaure, ya fara kama da mai gari, sai dai ba wanda ya naɗa shi, ba kuma wanda zai iya tuɓe shi.

Ga misalin da ya fi tsaya mini a rai. A watan Janairu na 2021, bayan magoya bayan Donald Trump sun afka wa majalisar dokokin Amurka, Twitter ya rufe shafinsa ɗungurungum, alhali yana kan kujerar shugabanci. Har Angela Merkel ta Jamus, wadda ba ta ga maciji da shi, ta nuna ta bakin kakakinta cewa abin bai kwanta mata ba. A watan Oktoba na 2022 Elon Musk ya sayi kamfanin a kan dala biliyan 44, wata guda bayan haka ya mayar wa Trump shafinsa, a 2023 kuma ya canza wa kamfanin suna zuwa X. Mai karatu ya lura, babu majalisar da ta zauna, babu alƙalin da ya saurari kowa. Abin da ya haramta jiya ya halatta yau don kawai gida ya canza hannu. Da na faɗa wa lauya haka sai ya ce ai doka ba ta hana ba. Na ce na yarda, amma tambayata ta wuce doka. Riba ma akwai ƙasashen da dokarsu ba ta hana ba.

Akwai kuma gefe na uku wanda abokan nawa duka suka tsallake, watau ko akwai maganar da ta cancanci a tare ta. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, kuma mun ga bunun da ya cinye gari. A Ruwanda a 1994 gidan rediyo ne ya riƙa zuga mutane yana nuna musu waɗanda za su kashe. Shi kansa John Stuart Mill, Baturen Ingila da ya rubuta littafinsa kan 'yanci a 1859, wanda masu kare 'yancin magana suke ɗauka kamar limaminsu, ya yi togiya. Ya kawo misalin mai cinikin hatsi. A ganinsa, in ka rubuta a jarida cewa masu cinikin hatsi su ke kashe talaka da yunwa, ba mai taɓa ka. In kuwa ka faɗi wannan magana ga taron da ya fusata a ƙofar gidan mai hatsin, ka cancanci hukunci. Maganar ɗaya ce, wuri da lokaci suka bambanta. Sashe na 45 na namu tsarin mulkin ma ya bar wa gwamnati ƙofar taƙaita 'yanci saboda tsaro da zaman lafiya.

Abin da ya dame ni da misalin Mill shi ne, a zamaninsa sai an yi tattaki kafin a tara taro. Yau kuwa taron yana cikin aljihun kowa. Wanda ya rubuta magana yana kwance a ɗakinsa a Zariya bai san ko wani zai karanta ta a tsaye a ƙofar gidan mai hatsi a Dawanau ba. Jarida da ƙofar gida sun zama wuri ɗaya. Saboda haka ba zan iya cewa a bar kowace magana ta wuce ba. Abin da nake iya cewa shi ne, wanda zai tare ta ya zama an san shi, an san ƙa'idar da ya bi tun kafin a yi laifin, kuma akwai inda za a ɗaukaka ƙara in ya yi kuskure. A rikicin 2021 kamfani ya cika sharaɗi ɗaya ko biyu, gwamnati kuwa sai da kotun waje ta tuna mata.

Sai dai fa, jama'a, in za mu faɗi gaskiya, yawancinmu ba da wannan ma'auni muke gardama ba. Mukan fara duba bakin wa aka rufe, sa'an nan mu nemo hujja. A watan Satumba na 2021, Twitter na rufe, aka yanke layukan waya a jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. An ce mako biyu, a wasu wurare abin ya haura wata biyu, mutane suna shiga mota har Funtuwa don su buga waya kawai. Da yawa daga masu ihu a kan Twitter ba a ji ɗuriyarsu ba, da yawa kuma daga waɗanda suka yi murnar rufe Twitter a nan ne suka gane zafin abin. Haka kuma a watan Nuwamba na 2022, da aka kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse a kan rubutun da ya yi game da uwargidan shugaban ƙasa, na ga ɗalibai sun tashi tsaye har aka janye ƙarar, kuma sun kyauta. Amma na san a cikinmu akwai waɗanda, da malaminsu ko gwaninsu na siyasa aka taɓa, su ne za su fara kiran a kama.

Ban cire kaina ba. Washegari da muka koma teburin mai shayi na zayyana musu duk abin da na rubuta a nan, ina jin na raba gardama. Lauya ya saurara har na gama, ya kurɓi shayinsa, sa'an nan ya ce, "To, malam alƙali, in yau aka danƙa maka mabuɗin na kwana ɗaya, akwai wanda za ka rufe?" Na buɗe baki in ce babu, sai na tarar tuni sunaye uku sun zo mini, kuma a cikinsu ba wanda ya taɓa zuga kowa ya yi kisa. Ɗaya ma laifinsa kawai ya taɓa kushe wata waƙa da na rubuta.