Mai Jinya Ma Yana Bukatar Inuwa

Kowane gado a asibitocinmu mutum biyu yake ɗauke da su, ko da yake sunan mutum ɗaya ake rubutawa a kati. Na farko shi ne marar lafiya. Na biyu, sau da yawa mace, ita ce wadda ta shimfiɗa tabarma a gefen gadon, da filas da bokiti da kular abinci. Ita ke zuwa kantin magani, ita ke bin layin biyan kuɗi, ita ke kai jini ɗakin gwaji ta koma ta karɓo sakamako, ita ke zubar da fo, ita ke zuba wa ledar ƙarin ruwa ido cikin dare domin ta kira nas kafin ya ƙare. Masu zuwa dubiya sukan ce mata, "Sannu, ya mai jiki?" Ta amsa, "Da sauƙi, mun gode Allah." Da wuya ka ji wanda ya tambaye ta yaushe rabonta da barci.

Tambayar da take damun irin wannan baiwar Allah ba ta cika fitowa daga bakinta ba, amma tana nan: in na tashi daga bakin gadon nan na tafi wani wuri na zauna shiru na awa ɗaya, na ci amanar wanda nake ƙauna ke nan? Tambaya ce ta lamiri, kuma ba a amsa ta da cewa "kada ki damu".

A Kaduna nauyin yana da wani ƙari. Bayan rikicin shekarar 2000 da na 2002, 'yan'uwa da yawa sun tattara sun koma ƙetaren kogi, su Sabon Tasha da Narayi da Television da Unguwar Romi. Amma da dama daga cikin manyan asibitoci suna nan arewacin kogin: Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a titin Lafiya, Asibitin Sojoji na 44, Asibitin Ido na Ƙasa ta wajen Mando, Asibitin Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, da babban asibitin Kawo. Wanda gidansa ke Gonin Gora, ko wanda aka turo daga Kafanchan ko Kachia, ba zai ce bari ya leƙa gida ya kishingiɗa ya dawo ba. Kuɗin mota da cunkoson gada sun isa su hana shi. Sai asibiti ya zama masa gida da kasuwa da majami'a, mako biyu, mako uku, har ya manta ko wace rana ce.

Abu na fari da ya kamata mu tuna shi ne yadda Ubangijinmu da kansa ya yi. Markus ya ba da labari a sura ta 1 cewa bayan Yesu ya warkar da surukar Bitrus daga zazzaɓi a Kafarnahum, mutanen garin suka taru a ƙofar gida da marasa lafiyarsu da yamma. Da asuba, tun gari bai waye ba, ya fita ya tafi inda ba kowa ya yi addu'a, har Bitrus da abokansa suka shiga nemansa. Ku lura, ba don marasa lafiya sun ƙare a Galili ya fita ba. Suna nan, wasu ma suna kan hanya. Shi da ke da ikon warkarwa a hannunsa ya bar taron na ɗan lokaci, kuma bishara ba ta rubuta masa wannan a matsayin rashin tausayi ba. A sura ta 6 kuma, da ya ga almajiransa ba su samu sukunin cin abinci ba saboda masu zuwa da masu tafiya, shi ne ya kira su su keɓe su huta.

Labarin Iliya a 1 Sarakuna sura ta 19 ya fi kusa da halin mai jinya. Annabin ya gaji har ya roƙi mutuwa a gindin wani itace cikin jeji. Allah bai fara da wa'azi ko tsawatawa ba. Ya bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi ya ci gurasa ya sha ruwa, ya koma barci, aka sake tashinsa ya ci. Maganar da Allah zai yi da shi sai a Horeb, bayan tafiyar kwana 40. Wanda ya yi mu daga turɓaya ya san turɓaya tana gajiya. Hausawa sun ce rai dangin goro ne, ruwa ake ba shi.

Jiki kuwa magayi ne. Babban mutum yana bukatar barcin awa 7 zuwa 8 a dare. Wadda ta kwana huɗu tana gyangyaɗi a kujera takan fara manta abin da likita ya ce, ta rikita maganin safe da na dare, ta yi wa nas tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, wani lokaci ma ta daka wa marar lafiyar kansa, sa'an nan ta juya bango ta yi kuka. Ma'aikatan jinya aikin karɓa-karɓa suke yi, na safe su miƙa wa na rana, na rana su miƙa wa na dare, ba wanda ya taɓa cewa sun yi haka don ba su damu ba. Mu ne kaɗai muka ɗora wa 'yar'uwa ɗaya aikin mutum uku, muka kira shi ƙauna.

Sai dai akwai magana a wancan ɓangaren, kuma tana da nauyi. A Gatsemani Yesu ya roƙi Bitrus da Yakubu da Yahaya su zauna a faɗake tare da shi, suka yi barci, abin kuwa ya yi masa zafi. Maryamu ta tsaya a gindin gicciye ba ta gusa ba. Akwai sa'ar da ba ta hutu ba ce: daren da aka fito da mutum daga tiyata, ko lokacin da likita ya kira dangi gefe. Har hutun da Yesu ya shirya wa almajiransa a Markus 6 bai samu ba, domin taro ya riga su isa, ya ji tausayinsu ya koma aiki. Akwai kuma gudu da ke sa rigar hutu. Mun san maigidan da yakan ce zai je neman kuɗin magani tun da hantsi, ba a sake ganinsa sai dare ya yi, alhali warin asibiti da nishin matarsa ne ba ya iya jimrewa. Bambancin a fili yake: mai hutawa yakan faɗi inda za shi da lokacin da zai dawo, ya bar wani a madadinsa, ya dawo da fuskar da marar lafiya zai so gani. Amma ko a Gatsemani, Luka ya ce baƙin ciki ne ya sa almajiran barci. Jikin da aka hana hutu a lokacin da ya dace yakan ƙwaci nasa a lokacin da bai dace ba.

Tsoron da ke ƙarƙashin duka shi ne: in ya cika ba na nan fa? Ba zan ce wannan ba ya faruwa ba. Yana faruwa, har ga waɗanda suka fita ɗebo ruwan zafi na minti biyar. Amma mu dubi abin da tsoron yake raɗa mana: wai idonmu ne ke riƙe da ran mutumin, in muka kau da shi zai suɓuce. Wannan aikin ba namu ba ne. Zabura ta 121 ta nuna mana wane ne mai tsaron da ba ya gyangyaɗi, kuma ba mai jinya ba ne. Marta da Maryamu suna gefen Li'azaru sa'ad da ya mutu, zamansu bai hana ba. Yesu ba ya nan, rashinsa kuma bai zama ƙarshen labarin ba. Wadda ta yi wata guda tana wanke miji tana ba shi kunu a cokali, ba awa ɗayar da ta fita ce za ta auna ƙaunarta ba, a gaban Allah ko a gaban mutanen kirki.

To, ina za a je? Wuri mafi kyau shi ne mafi kusa. Gindin dogonyaro ko mangwaro a bayan ɗakin marasa lafiya, nesa da layin biyan kuɗi da ƙarar janareta, ya isa hutun rabin awa. A nan maƙwabtanmu Musulmi suna da abin koya mana. Duk wanda ya yi jinya a arewacin Kaduna ya ga yadda maƙwabciyar gado takan ce, "Maman Yohanna, ga Baba nan, zan je in yi salla." Ta je ta yi alwala, ruwa ya taɓa fuskarta, ta tsaya gaban Mahaliccinta, ta dawo. Sau biyar a yini take barin gadon, ba ta kuwa ɗauke shi laifi. In Maman Yohanna ta ce ita ma za ta fita ta yi addu'a, Hajiya za ta karɓi amanar da hannu biyu, domin ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Amincin da garin nan ya sha wahalar riƙewa a unguwanni yakan samu da sauƙi tsakanin gadaje biyu.

Wanda ya samu awa biyu ko uku yana iya hawa keke ya shiga gari. Majami'ar Saint Michael ta Angilika, da ta Saint Joseph ta Katolika a titin Ahmadu Bello, da hedkwatar HEKAN a titin Katsina, duk suna wannan ɓangare. Majami'a a ranar Talata da rana, ba ganga ba lasifika, wani wuri ne dabam da wanda muka sani ran Lahadi. A gai da mai gadi, a gaya masa daga asibiti ake, a roƙi izinin zama a bencin baya. Ba dole a iya haɗa kalmomin addu'a ba. Romawa sura ta 8 ta tabbatar mana Ruhu yana roƙo dominmu sa'ad da harshe ya gaza.

Wanda kuma bango ya ishe shi, yana son sarari, akwai Gamji a bakin kogi, wato lambun Janar Hassan Usman Katsina, inda aka kafa ƙaramar gadar ƙarfe da aka gina a Zungeru a 1904 zamanin Lugga, daga baya aka kawo ta nan. Kallon ruwa mai tafiya yana kwance wani ƙulli a ƙirji wanda magana ba ta kwancewa. Akwai Gidan Arewa a titin Rabah, tsohon gidan Sardauna da ya zama cibiyar binciken tarihi a 1970, wurin da mutane ke magana ƙasa-ƙasa. Akwai gidan kayan tarihi na ƙasa a titin Ali Akilu, inda ɗan kudancin Kaduna zai tarar da sassaƙen yumɓu na Nok daga ƙasar kakanninsa. Kada wani ya ga kamar shiga irin waɗannan wurare alhali uwa tana kwance shagala ce. Hankalin da ya yi mako biyu yana kewaya gado ɗaya yana bukatar ya dubi wani abu da ya girme wa damuwarsa. A riƙe waya a kunne, a ci abinci mai zafi a zaune, a dawo a kan lokaci.

Duk wannan ba zai yiwu ba sai an samu mai karɓa, a nan kuwa maganar ta bar kan mai jinya ta dawo kanmu. Mun iya dubiya. Ran Lahadi bayan sujada mukan cika mota, Zumuntar Mata da ɗaurin kallabi iri ɗaya, mu kewaye gado, mu yi waƙa, mu yi addu'a, mu ajiye lemu da ambulan. Abu ne mai kyau, kada a daina. Amma mai jinya ita ke tashi ta ba mu kujera, ta maimaita labarin ciwon sau goma, in mun tafi ta fi gajiya. Sa'ad da hannuwan Musa suka yi nauyi a kan tudu, a Fitowa sura ta 17, Haruna da Hur ba su tsaya yi masa sannu ba. Dutse suka kawo ya zauna, kowa ya tallafi hannu ɗaya har faɗuwar rana. Asibitin da da yawanmu ke kwana a barandarsa yana ɗauke da sunan Dokta Barau Dikko, likita na farko daga Arewa, ɗan ikkilisiyar Wusasa wanda ya rasu a 1977. Hidimar marasa lafiya ba baƙuwa ba ce a gidanmu. Abin da ya rage shi ne dattawan ikkilisiya su rubuta sunaye da ranaku kamar yadda ake rubuta masu sharar majami'a, maza ma a ciki, musamman ikkilisiyoyin da ke arewacin kogi, waɗanda asibitocin ke bayan gidansu. Baƙon da aka turo daga Zonkwa ba shi da kowa a nan sai su.

Wanda ya je karɓa kada ya tambayi mai jinya ko tana son hutu, domin kunya za ta sa ta ce a'a. Ya ce, "Mama, na zo in zauna da Baba har ƙarfe huɗu. Ki nuna mini maganinsa." Ya karɓi lambar wayarta, ya san nas ɗin da ke aiki, ya sa mata kuɗin keke a hannu. In ta tsaya a bakin ƙofa tana waiwaye, ya ɗaga mata hannu ta tafi. Sa'ad da ta dawo kuma ya ba ta labari dalla-dalla, gama shi za ta fara nema tun kafin ta ajiye jaka: ya sha rabin kofin kunu, ya yi barci wajen awa ɗaya, an canja ledar ruwa da ƙarfe uku, ya tambaye ki sau ɗaya na ce kina zuwa.