Haƙƙin maƙwabcin da bai musulunta ba

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, Kiristan da muke ciniki da shi a kasuwar Maraɗi, da Aznan da gonarsu ke iyaka da tamu a ƙasar Dogonduci, me suka fahimta game da Musulunci ta wurinmu? Isar musu da saƙo haƙƙinsu ne a kanmu, kuma za a tambaye mu ranar gobe ƙiyama.

Mu tuna, kakanninmu ma kiransu aka yi. Fataken Wangarawa ne suka shigo Kano da addini zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14. Da sun ɓoye abin da suka sani, da ina muke yau?

Amma kira yana da ladabi. Aya ta 125 a Suratun Nahli ta gindaya mana hikima da kyakkyawan wa'azi. Manzon Allah (SAW) ya karɓi baƙuncin Kiristocin Najran a masallacinsa na Madina, ya saurare su, ya ba su hujja. Ƙona majami'u da aka yi a Damagaram da Yamai cikin Janairun 2015 ya saɓa wa wannan koyarwa. Wa zai saurari wanda ya cinna wa ɗakin ibadarsa wuta?

Saboda haka mu cika mudu, mu riƙe amana, mu gaida marar lafiyarsu, sannan mu yi bayani da tattausan harshe. Namu isarwa ne. Shiriya ta Allah ce.

Allah Ya sa mu dace, amin.